Fankokin Arctic P12 guda biyar, bayan bazara ɗaya da hunturu ɗaya a shagona

Ranar da na yanke shawarar canza fankokin kwamfutata, bidiyon biki nake fitarwa, na awa biyu da rabi, kamu da ɗaurin aure da dina duk a haɗe, kuma uwar amarya ta riga ta bugo waya sau uku. Ƙarshen Afrilu ne, wajen ƙarfe uku na rana. Wanda ya san Kano a wannan lokaci ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kwamfutar tana ta gurnani kamar injin markaɗe, aikin kuma ya tsaya a kashi sittin da wani abu yana tafiyar hawainiya. Na ɗora tafin hannu a kan gilashin gefe, na ji shi kamar murfin tukunya. Da na buɗe HWiNFO, manhajar da take nuna zafin sassan kwamfuta, sai na ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana digiri 91, katin hoto yana 84.

Abin da kowa yake yi shi na yi. Na kwance gilashin na jingine shi a bango, na jawo fankar tsaye ta shago na saita ta a cikin kwamfutar. Ba a yi minti goma ba zafin ya sauko da digiri goma sha wani abu, aikin ya saki jiki. Ni kuma na zauna ina ta sharce gumi, don fankar da take fifita ni ce na ba wa na'ura. Hajiya ta samu bidiyonta bayan magariba.

A daren ne na gane cewa gwajin da ya kamata na yi tun shekara guda da ta wuce shi ne na yi ba da niyya ba. Idan ka buɗe gefen akwatin kwamfuta zafi ya faɗi warwas, to ba firosesa ce ta lalace ba, ba kuma man da ake shafa mata ne ya bushe ba. Iska ce ba ta shiga, ko kuma tana shiga ba ta samun hanyar wucewa.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin don mai irin nawa ya kwatanta. Firosesar Ryzen 5 5600X ce, wadda aka rubuta mata wat 65 kuma iyakar zafin da take ɗauka digiri 95 ne, a kanta akwai ƙarfen sanyaya mai tsayi da fanka ɗaya. Katin hoto RTX 3060 ne, mai cin wat 170. Idan ana randarin, wato fitar da bidiyo, a manhajar DaVinci Resolve duka biyun aiki suke, kuma duk wutar da suka sha zafi take komawa, babu inda take zuwa. In ka haɗa da sauran tarkace, wat ɗari biyu da hamsin zuwa sama kenan ake turarawa a cikin akwatin da bai fi kwalin taliya biyu ba.

Shi kuwa akwatin, laifina ne. Ido ne ya saya, ba hankali ba. Gilashi a gefe, gilashi a gaba, fankoki huɗu masu fitilu kala-kala, uku a gaba ɗaya a baya. Mai shagon ya kunna mini shi da yamma, wurin ya haske kamar filin dina, ya ce, “Malam, wannan ai ko firij albarka.” Ban lura ba sai daga baya: fankokin gaba uku kusan manne suke da gilashin, kuma ƙofar iskar duka ’yan tsage ne a gefe da ko ɗan yatsana ba ya shiga. Suna juyawa, suna walƙiya, amma kamar mutum ne yake numfashi da matashi a fuska. Wayarsu kuma irin mai faɗin kai ce da ake jonawa kai tsaye da fawa-fak, mai raba wa kwamfutar wuta, wato madabod, babban allon da komai yake jone a kansa, ba ta san da zamansu ba. Gudu ɗaya suke yi dare da rana, ko kwamfutar tana hutawa ko tana dakon aiki.

Shagunan da na leƙa a Beirut Road masu fitilun ne suka fi yawa, don su ake tambaya. Sai na ba wani abokina mai shigo da kaya saƙo, bayan mako uku ya kawo mini kwali ɗaya: Arctic P12 PWM PST, guda biyar a ciki, baƙaƙe ƙirin, babu ko ɗigon haske. Ƙanina da yake taya ni aiki ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, “Yaya, wannan ka jira mako uku? Ai na da sun fi kyau.” Gaskiyarsa. Sun fi kyau.

Arctic kamfani ne da ke Jamus, kuma wannan fanka ta yi suna ne a kan abu ɗaya, arha da aiki. Faɗinta milimita 120, kaurinta 25, girman da kusan kowane akwatin zamani yake ɗauka. Fukafukanta biyar ne kacal, masu faɗi, a lanƙwashe sosai kamar lauje. Tana juyi daga 200 zuwa 1800 a minti. Harafin P da ke sunanta shi ne ya sa na zaɓe ta. Kamfanin yana da wata mai suna F12, wadda aka yi don kaɗa iska a fili inda babu abin da ya tare ta, ita kuwa P12 an yi ta ne don tura iska ta cikin abin da yake tokare ta, kamar raga, ko ƙarafan sanyaya, ko matsattsiyar ƙofa. A kan kwali za ka ga lamba biyu: yawan iska, wajen kyubik fit 56 a minti, da ƙarfin turi, milimita 2.2 na ruwa. Masu saye lambar farko suke dubawa. Amma ita ana auna ta ne fanka tana fili babu komai a gabanta, kuma babu mai ajiye kwamfuta haka a garin da ƙura take shiga har cikin kwanon da aka rufe. Duk wanda zai sa raga a gaban fankarsa, lamba ta biyu ce tasa.

Abin da na fara yi shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, don shi ne ya kusa sa in yi da-na-sanin kuɗina. Na cire tsofaffin, na ɗaura sababbin a gurbinsu, na mayar da gilashin gaba, na sake fitar da bidiyon bikin nan dai, a daidai lokacin rana irin na wancan. Bambancin digiri uku zuwa huɗu ne. Shi ke nan. Ƙanina bai ce komai ba, amma na ga bakinsa yana motsi.

Washegari na ɓalle gilashin gaban gaba ɗaya, na kai wa mai almini da ke bayan layinmu. Na ce ya yi mini firam daidai girmansa, ya shimfiɗa masa ragar sauro irin ta taga. Ya dube ni ya ce, “Oga, kwamfutar ma sauro yake cizonta?” Cikin awa ɗaya ya gama, kuɗin bai kai na fanka ɗaya ba. Na manna masa ’yan maganaɗisu a kusurwoyi don ya riƙa kama ƙarfen akwatin, in cire shi in mayar ba tare da sukundireba ba. Da na sake gwajin, ɗakin yana 36 a ɗan agogon bango mai nuna zafi, firosesa ta tsaya a 78, katin hoto a 73. Daga 91 da 84. Wato kaso mafi tsoka na sauƙin da na samu mai almini ne ya ba ni, fankokin suka cike sauran. Sai dai in yi musu adalci: na gwada tsofaffin ma a bayan ragar, kuma ba su kai haka ba. Da zarar an sa musu raga sai iskarsu ta mutu, ka sa hannu a ciki ka ji ɗan hucin kawai. P12 kuwa ta bayan ragar ma takarda take kaɗawa har wajen katin hoto.

Wannan lambar ɗaki da na ambata ba ado ba ce. Bidiyoyin da muke kallo a YouTube, yawancinsu a ɗakin da bai wuce digiri ashirin da ɗaya zuwa da uku ba ake gwajin. Mutum ya ga an nuna firosesa irin tasa tana 65, tasa tana 78, sai hankalinsa ya tashi ya fara neman wanda ya cuce shi. Babu wanda ya cuce ka. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗakinka take ɗauka ta wuce da ita ta kan ƙarfe. In ɗakinka ya fi nasu zafi da digiri goma sha huɗu, to ƙara goma sha huɗun a kan lambarsu sannan ka kwatanta. Ni yanzu ba na ma kallon lambar firosesa ita kaɗai, tazarar da ke tsakaninta da ta ɗaki nake dubawa. In tazarar ta ƙaru alhali aikin iri ɗaya ne, na san raga ta toshe.

Yanzu batun jeri, inda na fi ɓata lokaci kuma na fi ƙaruwa.

Kowace fanka fuska biyu gare ta. Ɗaya a buɗe take, fukafukai kawai kake gani. Ɗayar tana da sanduna huɗu da suka riƙe motar, nan ne wayar take fitowa, nan ne kuma takardar bayanan wuta take. Iska ta buɗaɗɗiyar fuskar take shiga, ta fita ta wajen sandunan. Magana ce ta layi ɗaya, amma ita ce ake yawan kuskurewa, musamman ga mai son fuskar da ta fi kyau ta kalli waje. Mu ma ba mu tsira ba. Ƙanina ne ya ɗaura ta tsakiya a gaba, ya juya ta. Ta sama da ta ƙasa suna jawo iska, ta tsakiya tana mayar da ita waje, kamar ana cika tulu wani yana kwalfewa. Kwana biyu muka yi a haka ban sani ba.

Turaren tsinke ne ya tona asirin. Ban san kayan gwajin iska da ya kai shi arha da gaskiya ba. Ka kunna guda ɗaya, ka kashe fankar sama da ta tsaye don ɗakin ya natsu, sannan ka riƙa kai shi kusa da kowace ƙofa ta akwatin kana kallon inda hayaƙin yake bi. A gaban ta sama hayaƙin ya shige ciki kamar an zuƙe shi da tsinken lemo. A gaban ta tsakiya ya dawo mini a fuska. Na kira shi na nuna masa, ya ce wai shi ya ɗauka tambarin ne ya kamata ya kalli mutane.

Turaren ya sake nuna mini wani abu da ban yi tsammani ba. Jerina na farko shi ne uku a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, ta biyar a rufi tana fitarwa, tunda an ce zafi sama yake tashi. Rufin akwatina gurbi biyu ne, sai na sa ta a na gaba don nan ne wayarta ta fi kaiwa cikin sauƙi. Da na rage hasken shagon na haska tocin waya ta gilashin gefe, sai na ga hayaƙin da fankar gaba ta sama ta shigar bai ko yi taƙi ɗaya ba ya yi kwana ya fice ta rufi. Iskar da na sha wahalar shigarwa, mai ɗan sanyi, ana kwashe ta tun kafin ta gaisa da firosesa. Na mayar da fankar gurbin baya, daidai saman ƙarfen sanyaya, sai hayaƙin ya miƙe: gaba, ta cikin ƙarfen, baya. Maganar zafi yana tashi sama gaskiya ce, amma a cikin akwati mai fankoki ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Fanka ɗaya mai juyi a hankali ta fi shi iko. Inda ka tura iskar nan za ta bi.

In kuma za a bi ta gaskiya, fanka ta biyar ɗin nan kusan ’yar rakiya ce. Na cire ta na gwada, bambancin digiri ɗaya ne, wani lokaci biyu. Na bar ta ne saboda tana cikin kwalin kuma na riga na biya. Biyu na farko a gaba da ɗaya a baya su ne suke ɗauke da nauyin gidan. Ta uku a gaba, ta can ƙasa, ita ce abokiyar katin hoto, don ita take hura iska a ƙarƙashinsa inda nasa fankokin suke zuƙa. Wanda kuɗinsa uku zai saya, ya sa biyu a gaba, ɗaya a saitin firosesa ɗaya a saitin kati, ta ukun a baya, ya huta.

Sai batun wace ta fi yawa, mai shiga ko mai fita. A nan ne hunturu yake da ta cewa. Akwatin kwamfuta ba tulu ba ne, duk jikinsa huji ne: tsagogin baya inda ake sa katuna, gefen murfi, ramukan wayoyi. Idan fankokin da suke fitarwa suka fi ƙarfi, akwatin zai riƙa zuƙo cikon iskar ta waɗannan hujojin, inda babu raga, da ƙurarta da komai. Idan masu shigarwa suka ɗan fi ƙarfi, rarar iskar ce za ta riƙa tsiyaya waje ta hujojin, ƙura kuwa ba ta da ƙofa sai ta gaban raga. Uku da biyu a takarda kamar an gama lissafi, amma ukun gaba suna kokawa da raga, biyun baya kuwa hanyarsu a buɗe take, don haka ba lallai ukun su yi rinjaye ba. Na kai turaren bayan akwatin, wajen tsagogin da ke ƙasan katin hoto, na ga hayaƙin yana sulalewa ciki. Sai na rage gudun masu fitarwa kaɗan-kaɗan har hayaƙin ya fara kaucewa. Nan na tsaya.

Abin da ya ba ni damar yin haka shi ne haruffan PWM da PST da ke jikin sunan. PWM na nufin wayar mai haƙori huɗu ce, madabod tana iya gaya wa fankar ta ƙara gudu ko ta rage. PST kuma wata ’yar jela ce a jikin kowace waya da za ka jona fanka ta gaba a kai, kamar raƙuma a ayari. Madabod ɗina gurbin fankar akwati biyu kacal gare ta. Na jera ukun gaba a gurbi ɗaya, biyun baya a ɗayan, ban sayi ko wayar ƙari ɗaya ba. Gurbi irin wannan yawanci amfiya ɗaya yake ɗauka, kowace P12 kuma abin da take ja bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, don haka uku a layi ba komai ba ne. Duka biyar ɗin a haɗe ba su kai ƙwan fitila ɗaya na zamani shan wuta ba, abin da mai aiki da inbata da rana zai so ya ji. Wayoyin sukan taru a bayan allo kamar taliya, sai an bi su da ɗauri. Na yi amfani da ’yan wayoyin da ake ɗaure ledar burodi.

A bayos, wato shafin saitin madabod, na fara saita gudun, amma can zafin firosesa kawai madabod ɗina take bi, alhali a aikina katin hoto ne yakan fi ɗaukar wuta. Sai na koma wata manhaja ta kyauta mai suna Fan Control, wadda take bari ka ce wa fankoki su bi duk wanda ya fi zafi tsakanin biyun. Na kuma sa musu jinkiri na ’yan daƙiƙu, don Ryzen tana da halin tsalle: ka buɗe burauza zafinta ya haura digiri goma ya dawo nan take. In fankoki suna bin kowane tsalle, sai ka riƙa jin su suna hawa da sauka kamar numfashin mai asma, kuma wannan ya fi ƙara mai ɗorewa damun kunne.

Ƙara kuwa, a ƙarshen gudunsu, 1800, ana jin su, babu ɓoye-ɓoye. Sautin iska ne dai, shuuu, ba ƙarar ƙarfe ba. Ba kasafai nake kai su can ba sai a tsananin zafin Mayu. Yawancin yini suna tsakanin ɗari bakwai da dubu da ɗari biyu, kuma a nan fankar sama ta shago ta fi su surutu nesa ba kusa ba. Masu sharhi a ƙasashen waje sun daɗe suna ambaton wani ɗan amo da P12 takan yi a kusa da juyi dubu. Na kasa kunne na neme shi. A titinmu, da janareton maƙwabci da hon ɗin ’yan adaidaita da mai tallan maganin basir a lasifika, ban iya tsamo shi ba. Mai ɗaki shiru da na'urar sanyaya ɗaki ya san da maganar, kuma maganinta a hannunsa yake, ya saita gudun ya tsallake wannan wurin. Idan zan naɗi muryar talla nakan sauke su zuwa ɗari biyar, makirufo ba ya kama komai.

An tambaye ni me ya sa ban sayi fankokin kamfanin Noctua ba, masu ruwan ƙasa da ruwan madara ɗin nan na Ostiriya. NF-A12x25 ɗinsu, wadda ta fito a 2018, fanka ce ta gaske, tazarar bakin fukafukinta da firam rabin milimita ce kacal, kuma babu mai musun ta fi P12 laushin murya a gudu iri ɗaya. Amma kuɗin guda ɗaya ya kusa sayen kwalin nan na biyar. In ka canza dala zuwa naira ka ninka sau biyar, sai ka ga ana maganar kuɗin faifan ajiya mai kyau. Ni faifan na fi buƙata.

Hunturu ya zo ya gwada aikin. Daga Disamba zuwa yanzu, duk safiyar Juma'a kafin in buɗe shago nake cire firam ɗin raga in kakkaɓe shi a waje. Abin da yake fita sai ka rantse garin bulo ne. Da mako ya zagayo ragar ta koma ruwan toka, kuma tazarar nan da nake dubawa takan ƙaru da digiri biyu zuwa uku. Ragar sauro tana tare zare da gashi da manyan ƙura, amma ƙurar buji mai laushi kamar hoda tana wucewa, kada wani ya yaudare ka. Na taɓa yin dabara na ƙara yankin tsohon mayafi a bayan ragar. Ƙurar ta ragu ƙwarai, iskar ma ta ragu tare da ita, katin hoto ya koma 79 a cikin sanyin Janairu. Na cire. Gara in riƙa shara.

Da na buɗe cikin a makon jiya, karo na biyu tun Mayu, abin da na tarar shafe ne na hoda a kan komai, wanda burushin fenti da bulowa suka kawar cikin minti goma. A da kuwa dunƙule-dunƙule nake cirowa daga cikin ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa. Tsagogin baya, inda ƙura takan yi gemu, tas suke. In za ka busa da bulowa, ka danne fukafukan da yatsa, kada ka bar iskar ta wulwula su fiye da ƙa'ida, don motar fanka in aka juya ta da ƙarfi wuta take haifarwa, ga kuma wahalar da gindinta. A hunturu kuma ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allon madabod. Bushewar iskar tana sa jiki ya tara wutar nan da take ɗan tsartar mutum in ya kama ƙofar mota, kuma allo ba ya son ta.

Wasu abubuwa biyu da ba na fanka ba ne sun taimaka. Na ɗauke akwatin daga kan kafet na ɗora shi a benci, don fawa-fak ɗina ta ƙasa yake shan iska kuma kafet yana toshe masa hanci, ga shi duk ƙurar da ƙafa ta tayar a ƙasa take yawo. Na kuma janye shi daga jikin bango kamar taƙi guda, saboda zafin da ya fita ta baya yana dukan bango ya dawo.

Fankokin biyar duk suna nan yadda suka zo, babu mai karkarwa, babu mai kuka in an tashe ta da safe. Gindinsu irin mai yawo a kan mai ne, ba busasshen hannun riga irin na masu arha da yakan fara ƙugi in ƙura da zafi suka shanye mansa ba. Wata tara dai ba shekara biyar ba ce, don haka iyakar abin da zan ce kenan. Wanda kwamfutarsa ba ta mutuwa dare da rana, akwai samfurin da aka ƙara wa haruffan CO, mai ƙwallayen ƙarfe biyu a gindi, wanda aka yi don irin wannan aiki. Akwai kuma P14 mai milimita 140 ga akwatin da yake da gurbinta, tana kaɗa iska mai yawa a gudu kaɗan.

Kafin ka aika a kawo maka, ɗauki rula. Tazarar ramukan noti na fanka mai 120 milimita 105 ce. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwa, irin su Dell da HP ƙanana, da yawansu gurbin 80 ko 92 gare su, wasu ma bakin wayarsu daban ne, ba za ta shiga ba. Mai son fitilu kuma wannan kwalin ba nasa ba ne. Cikin kwamfutata yanzu duhu ne kamar rumbu, kuma masu zuwa karɓar aiki sun daina tsayawa suna ɗaukarta a waya.

Tsofaffin huɗun ƙanina ya kwashe. Ya jera su a jikin katako, ya jona da batirin babur, ya rataye a saitin katifarsa a soro. Ya ce iskar ba ta da yawa amma ɗakin yana yin kyau da daddare, kuma yanzu ya san fuskar da zai juyo wa kansa.